Ringi 50 ya kai wa Toyota, 3 kawai suka karɓa

1/ Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san yadda gaba ke faɗuwa idan bakanike ya ce, "Oga, ringi ya tafi." To wannan ɗan zoben ƙarfen shi ya kusa durƙusar da mutumin da sunansa ke jikin Hondar da ta cika titunanmu. Ku matso ku ji. 🧵

2/ An haifi Soichiro Honda a 1906, a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a Japan. Babansa maƙeri ne, yana kuma gyaran keke. Boko bai dami yaron ba. Yana da shekara 15 ya tafi Tokyo, ya zama yaron gareji a Art Shokai. Aikinsa na farko? Shara da renon ɗan maigida.

3/ A 1928 ubangidansa ya yaye shi, ya koma Hamamatsu ya buɗe reshen garejin. Hannunsa na da kyau, ya yi suna, kuɗi suka shigo. Sai gyaran abin da wasu suka ƙera ya ishe shi, ya ce shi ma sai ya ƙera nasa. A 1937 ya kafa Tokai Seiki don yin ringin fistin.

4/ A ganinsa me ye abin wahala? Ka narka ƙarfe, ka zuba, ka goge. Ya tare a masana'anta dare da rana. Amma duk ringin da ya fito ba ya aikin kirki. Ya sake zubawa, haka. Ya ƙara, haka. Jari na zurarewa.

5/ Nan ne labarin yake. Maimakon ya ci gaba da maimaita abu ɗaya yana kiransa juriya, sai ya kwashi ringinsa ya kai kwalejin fasaha ta Hamamatsu. Aka auna ƙarfen, aka ce masa sinadarin silikon ne bai isa ba. Shahararren bakanike, amma bai san wannan ba.

6/ Me ya yi? Ya shiga ajin. Mai kamfani, ɗan shekara 30, ya zauna cikin yaran da ya girme wa yana sauraren darasin ƙarfe. Gemu ba ya hana ilimi, in dai mai gemun ya yarda akwai abin da bai sani ba.

7/ Duk da haka wuya ba ta ƙare ba. Ya zaɓi ringi 50 ya aika wa Toyota su gwada. Guda 3 suka tsallake. Bai ce ana yi masa baƙin ciki ba. Ya shafe wajen shekara 2 yana zagaya jami'o'i da masana'antun ƙarfe na Japan yana tambaya. Zuwa 1941, Toyota na sayen ringinsa da yawa.

8/ Sai yaƙi ya iso gida. A 1944 jiragen Amurka suka ragargaza masana'antarsa ta Yamashita. A Janairun 1945 girgizar ƙasar Mikawa ta rushe ta Iwata. Da yaƙi ya ƙare ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya zauna kusan shekara guda bai kama wata sana'a ba.

9/ Ku lura da bambancin. Matsalar ringi daga gare shi take, sai ya koma aji. Bam da girgizar ƙasa ba laifinsa ba ne, sai ya huta, ya sake lale. Da yawanmu mukan juya abin: mu zargi kanmu kan abin da ya fi ƙarfinmu, mu ɗora wa ƙaddara abin da sakacinmu ya jawo.

10/ A 1946 mai ya yi tsada, sufuri ya yi wuya. Ya samo ƙananan injunan janareton rediyon soja da aka bari, ya riƙa ɗaura su a jikin keke. A 1948 ya kafa Honda Motor. A 1949 Takeo Fujisawa ya shigo ya riƙe harkar kuɗi da ciniki, ɓangaren da Honda ya san ba fagensa ba ne.

11/ A 1958 suka fito da babur Super Cub. Zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. Honda ya rasu a 1991.

12/ Kai da ka faɗi jarrabawa sau biyu, ke da jarinki ya narke a sayar da kaya ta intanet: kafin ku sake gwadawa, wa kuka kai wa ringinku ya auna? Sake zubi da ƙarfen jiya, ringin jiya zai ba ku. Ba inda aka faɗi ake dubawa ba, inda aka yi tuntuɓe ne.