Fim ɗin “Amina” a ma’aunin tarihi

A ranar 4 ga Nuwamba, 2021, Netflix ta fara nuna fim ɗin “Amina”, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarninsa, Lucy Ameh ta fito a matsayin Sarauniya Amina ta Zazzau, Ali Nuhu kuma yana cikin manyan ’yan wasan. A 2022 ya lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA. Duk da haka masu kallo da dama a Arewa sun yi ƙorafi a kan harshen Turanci da aka yi shi da shi, da sutura, da yadda aka sarrafa labarin.

Rubutattun madogara a kan Amina ba su da yawa, kuma an rubuta su ne ƙarnuka bayan zamaninta. A cikin “Infaƙul Maisuri”, wanda ya kammala a 1812 kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1817, Muhammadu Bello ya ambaci yaƙe-yaƙenta, ya ce Katsina da Kano sun biya ta haraji, kuma ta rasu a Atagara. Kundin “Tarihin Kano”, da aka tattara a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nupe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000.

Babban saɓani yana kan zamaninta. “Tarihin Kano” ya sa ta a lokacin Sarkin Kano Dauda, daga 1421 zuwa 1438. Ruwayoyin Zazzau kuwa sun danganta ta da Bakwa Turunku, mai mulki a wajen 1536, shi ya sa marubuta da yawa suke cewa ta hau gado a 1576 bayan ɗan’uwanta Karama. Tsakanin lissafin biyu akwai fiye da shekara ɗari. Haka nan sanannen jerin sarakunan Zazzau bai kawo sunanta ba, kuma ruwayoyi sun bambanta a kan ko Bakwa namiji ne ko mace. Fim ɗin ya ɗauki ɓangare guda, ya nuna shi a matsayin mahaifinta.

Ƙuruciyarta da hirarrakin fada da labarin soyayyar da aka gina fim ɗin a kai, duk ba su zo a waɗannan littattafai biyu ba. Abin da ya wanzu a zahiri shi ne kufan Turunku a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, da tsofaffin ganuwoyi da har yau ake kira ganuwar Amina.

Irin wannan muhawara ta biyo bayan fim ɗin “Marie Antoinette” na 2006, inda Sofia Coppola ta sa kiɗan zamani a labarin sarauniyar Faransa ta ƙarni na 18. Bambancin shi ne wasiƙun waccan sarauniya da takardun fadarta suna nan a adane, mai kallo yana iya komawa gare su ya gwada. Amina ba ta bar rubutu ko ɗaya ba, don haka ɗalibin da ya fara saninta ta fim yana iya ɗaukar ƙirƙirar marubuci a matsayin tarihin Zazzau.