Tarihin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta, Daga Kalifoniya Zuwa Talata Mafara

Malamanmu na tarihi sukan ce, in kana son sanin mutane, dubi kayan aikinsu. To, ni kayan aikin da zan duba a wannan ɗan rubutu wata tsohuwar kwamfuta ce ta kan tebur, wadda ke shagon buga takardu na yayana a Talata Mafara. A shekarar 2019 aka yi mata canjin ƙwaƙwalwa a gabana, kuma wannan ne ya sa na shiga bin diddigin abin.

Ita ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, ɗan abu ne da bai kai faɗin akwatin ashana ba, amma shi ne mai yin duk wani lissafi. Kamfanin Intel na Kalifoniya a ƙasar Amurka ya fito da ta farko da ya kai kasuwa a shekarar 1971, mai lamba 4004, tana ɗauke da tiransista 2,300. A lokacin nan ko madatsar ruwa ta Bakolori ba a fara ginawa ba, don sai a 1974 aka soma aikinta, aka gama a 1978. A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta kan tebur, daga nan fa tsere ya kankama. Pentium ta zo a 1993 da tiransista fiye da miliyan 3, Pentium 4 ta biyo baya a 2000 da miliyan 42, sa'an nan Core 2 Duo ta 2006 ta zo da miliyan 291. Tun a 1965 Gordon Moore ya hango wannan ninkuwa, a 1975 kuma ya ce za ta riƙa faruwa kusan duk shekara biyu.

Sai dai mu a nan, labarin ta wata hanya ya iso mana. Abin da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da shi, shi ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau mota zuwa Kano ko Gusau, kana ya ƙaraso garinmu a matsayin gwanjo. Watau kwamfuta takan zo mana ne tana da kusan shekara goma a duniya. Da can ma ba kowa ya damu da ita ba, sai ofisoshin hukuma da Kwalejin Abdu Gusau. Abin da ya canja lissafi shi ne hukumar JAMB, wadda ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma daina ta takarda gaba ɗaya a 2015. Daga wannan shekara, ɗan manomin shinkafa na Bakura ko na Maradun ba shi da hanyar shiga jami'a sai ya iya riƙe linzamin kwamfuta. Da yawansu kuwa a shago irin na yayana suka fara taɓa shi.

Tamu Pentium 4 ce. Kafin ta buɗe tambayoyin gwaji sai mutum ya ƙosa, ga man janareto yana ƙonewa, ga yara sun yi layi, wasu sun biyo motar kasuwa tun da safe. Yaya ba shi da kuɗin wata. Sai ya aika Kano aka sayo masa Core 2 Duo ta hannu, domin an gaya masa gurbinsu ɗaya ne. Gaskiya ne kuwa, don gurbin nan mai tsinke 775 da aka fito da shi a 2004 duk biyun yana ɗauka.

Mai gyara ya zo ya kwance fanka, ya ɗaga sakata, ya ɗauke tsohuwar, ya aza sabuwar, ya shafa mata ɗan man da ke kai zafi ga ƙarfen sanyaya. Ta zauna daram. Aka kunna, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Yaya ya ce, "Malam, lafiya dai?" Mai gyara ya duƙa ya karanta rubutun da ke jikin babban faifan da komai ke kafe a kansa, ya ce, "Alhaji, wagga ƙwaƙwalwa lafiyarta lau. Gidan ne ya girme ta, bai san irin wutar da za shi ba ta ba." Sai da aka nemo wani faifan daga wata matacciyar kwamfuta, aka kuma ƙara mata ma'ajiyar aiki, kana ta tashi. A kanta na yi gwajin jarrabawar da ta kawo ni wannan jami'a.

A nan ne na gane iyakar wannan dabara. Canjin ƙwaƙwalwa yana ƙara wa kwamfuta kwana, amma iyakarsa gurbin da aka haife ta da shi. Masu ƙera ta kuwa ba su daɗewa a kan gurbi ɗaya: an canja a 2009, da 2011, da 2013, da 2015. Haka nan manhaja. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda da ƙwaƙwalwa irin tamu ba sam.

Saboda haka, mai karatu, in aka zo rubuta tarihin ilmin zamani a ƙasar Zamfara, bai kamata a tsaya ga ranar da aka kafa makarantu kaɗai ba. A sa masu gyara a ciki. Su ne suka iya haɗa gawa biyu su tayar da mai rai ɗaya, ba tare da wani ya ba su takardar shaida ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya san inda aka ajiye ta.

Kwamfutar tana nan har yau a kusurwar shago, tana buga takardun ɗaurin aure. Yara masu gwajin jarrabawa kuwa sun koma kan wata gwanjon, wadda ita ma tata ranar tana tafe.