Ina hotunan Cominak?



A Jamus, tun 1959 Bernd da Hilla Becher suka shiga ɗaukar hotunan shato na ruwa da ma'aikatun ƙarfe: baƙi da fari, daga gaba, ba mutum ciki. Sai su jera tara ko goma sha biyu, nan ido ke gane bambancin gini da gini. Da yawa an rushe su, hoto kaɗai ya rage.

To, mu fa? Cominak ta fara haƙo uranium a Akouta a 1978, ta rufe ran 31 ga Maris 2021, aka shiga kwance kayanta. Can iyayenmu da dama suka ƙarar da ƙarfinsu. Mai tsohon hoton wurin, don Allah ya turo mana da shekararsa, mu ma mu jera namu.