Tabar Wiwi da Bautar Shiva a Ƙasar Indiya

A shekara ta 1893 wani ɗan majalisar Ingila mai suna William Caine, Kirista ɗan ɗarikar Baptis wanda ya daɗe yana yaƙi da shan giya, ya ta da magana a majalisa a kan tabar wiwi da ake sha a Indiya. A lokacin Indiya tana hannun Ingila, gwamnati kuwa tana karɓar haraji daga cinikin wiwi. Maganar tasa ta sa aka kafa kwamiti na mutum 7, Turawa 4 da Indiyawa 3, domin su binciki al'amarin.

Da suka shiga aiki sai suka tarar abin ya haɗa da addini. Tun kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, littafin Hindu da ake kira Atharva Veda ya ambaci wani tsiro, bhanga, cikin tsire-tsire biyar masu daraja, masana da yawa kuma suna ganin wiwi ke nan. Mabiya Hindu suna danganta shi da Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu. A cikin labarinsu, sa'ad da alloli suka kaɗa teku, dafi ya fito wanda zai hallaka duniya, sai Shiva ya shanye shi. Waɗansu suna cewa da wiwi aka sanyaya masa zafin dafin.

Iri uku suke sarrafa shi. Bhang shi ne ganyen da ake niƙawa a dama da madara da kayan ƙanshi. Ganja furen ne, charas kuwa danƙonsa ne, su biyun zuƙar su ake yi. Talakawa sukan sha bhang a idin Holi da daren idin Shiva, wato Shivaratri. Masu gudun duniya da ake kira sadhu, waɗanda suka bar gida da dukiya, sukan zuƙi ganja a lofen yumɓu suna kiran sunan Shiva, suna cewa yana taimakonsu tattara hankali.

Kwamitin ya saurari shaidu fiye da 1,000, har da likitoci da masu mishan. A rahotonsa na 1894 ya ce shan kaɗan ba ya kawo babbar illa, amma yawan sha yana lalata mutum. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan aka hana, jama'a za su ɗauka an taɓa addininsu. Saboda haka ya ba da shawara a ci gaba da haraji da lasisi. Biyu daga cikin Indiyawan ba su yarda ba, sun so a ƙara matsa wa ganja da charas.

Ra'ayin mutanen nan biyu bai mutu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa furen wiwi da danƙonsa cikin miyagun ƙwayoyi, amma ta bar ganye. Indiya ta bi wannan layi a dokarta ta 1985, ta haramta ganja da charas, ta bar wa jihohi maganar bhang. Shi ya sa a birnin Varanasi, wanda mabiya Hindu suke kira birnin Shiva, ana sayar da bhang a kantuna masu lasisin gwamnati, alhali furen wannan tsiro ɗaya yana iya kai mutum kurkuku.