Buɗaɗɗun Bayanai da Amfaninsu ga Al'ummar Kan Iyakar Jibiya

Ma'anarsu

Abin da muke nufi da buɗaɗɗun bayanai shi ne alƙaluma da rubutattun bayanan da hukumomi ke tattarawa da kuɗin jama'a, sannan su fitar da su fili domin kowa ya gani, ya kwafa, ya kuma yi aiki da su ba tare da biyan kuɗi ko neman alfarmar wani ba. Daga ciki akwai ma'aunin ruwan sama, farashin abinci, kasafin kuɗi da jadawalin harajin kaya. Mun ɗauki Jibiya a matsayin misali domin tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, inda mashigar Magama ke fuskantar Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar, kuma abin da ya shafi wannan ɓangare yakan shafi wancan.

Ruwa da Yanayi

Kogin Gada, wanda aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a kansa, shi ne yake shiga Nijar inda ake kiransa Gulbin Maraɗi. A shekarar 1990 ƙasashen biyu suka sanya hannu a kan Yarjejeniyar Maiduguri game da rabon ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu, har da wannan kogi, a ƙarƙashin Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971. Rabon ruwa ba zai yiwu bisa adalci ba sai kowane ɓangare ya san yawan abin da ya sauka da abin da ya wuce.

Jama'ar Jibiya ba za su manta da ambaliyar watan Yuli na 2018 ba, wadda ta yi sanadin rasuwar fiye da mutum 40 tare da rushewar ɗaruruwan gidaje. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Haka nan cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana wallafa bayanan yanayi da amfanin gona na yankin Sahel. Duk waɗannan kyauta ne. Sai dai ba za su amfani mai gida a bakin rafi ba matuƙar sun tsaya a intanet cikin Turanci ko Faransanci. Wajibi ne malamin gona da mai unguwa su kai masa su da Hausa, tun kafin ruwa ya sauka.

Kasuwanci a Kan Iyaka

An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta jita-jita takan riga sanarwar hukuma isa kasuwa, farashin gero da na dabbobi ya tashi ko ya faɗi, ƙaramin ɗan kasuwa ya kwana a ciki.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa farashin kayan abinci wata-wata, Hukumar Kwastan kuma ta sanya jadawalin haraji da jerin kayan da aka haramta shigowa da su a shafinta. Fatken da ya san haƙƙin da ke kan kayansa zai biya daidai, ya karɓi rasidi, kuma da wuya wani ya cuce shi a hanya.

Kuɗin Ƙananan Hukumomi

Ana wallafa kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya duk wata, har da ta Jibiya. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan wannan kaso kai tsaye ga ƙananan hukumomi. Idan kansila ko ƙungiyar ci gaban ƙauye suka kwatanta abin da ya shigo da ayyukan da aka yi, za su yi tambaya da hujja a hannu, ma'aikacin da ya riƙe amana kuma ya tsira daga zargi.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowa damar neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ɗiba wa hukuma kwana 7 ta ba da amsa. Nijeriya ta kuma shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da mulki a bayyane a 2016.

Amma akwai abin da ba a buɗewa. Bayanan tsaro na daga ciki, musamman a yanki irin namu da ya yi fama da 'yan bindiga. Haka ma sirrin mutane, kamar sunayen marasa lafiya da lambobin waya, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba su kariya.

Kira ga Jami'ai da Jama'a

Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su adana alƙaluma tare da ranar da aka tattara su, su liƙa muhimman bayanai a allon sanarwa na sakatariya, su kuma miƙa su ga hakimai, dagatai, limamai da gidajen rediyo. Jama'a kuwa, duk mai buƙatar bayani ya rubuta takarda mai ɗauke da kwanan wata, ya fayyace abin da yake nema, ya miƙa ta ga ofishin da abin ya shafa, sannan ya riƙe kwafinsa.