Auna Lafiyar Muhalli a Ƙasar Dutse: Koren Ganye Kaɗai Bai Isa Shaida Ba

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, gine-gine suke cin gonaki a unguwanni irin su Yalwawa. Masu bincike kan auna abin da ya rage da hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda ke ƙididdige yawan koren ganye. Ma'aunin yana da arha, amma dogaro da shi kaɗai yakan kai mutum ya baro.

Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Hoton watan Agusta zai nuna shi kamar busasshe, alhali kowane manomi ya san gero ya fi yin albarka a gindinsa, domin ganyensa taki ne, dabbobi kuma suna barin kashi a inuwarsa. Darbejiya kuwa, baƙuwar da aka kawo daga Indiya, kusan duk shekara shar take. Inda ta gaje ɗorawa da kuka hoto zai yi kyau, amma kalwa da miyar kuka sun tafi.

Dausayin Haɗeja zuwa Nguru ya fi fito da wannan matsala fili. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar ruwa: ambaliyar damina ta ragu, wasu magudanai kuma suka daina ƙafewa da rani. Nan kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta takura masunta, ta zame wa tsuntsayen jan-baki mafaka. Daga sama, duk wannan kore ne.

A ganina awon da ya fi amfani a ƙasa yake. A duba shekarun itatuwa: gonar da ke da tsofaffin kukoki ba ƙanana ko ɗaya tana kan hanyar zama fili. Wuta-wuta, duk da kyan furenta, shaidar gajiyar ƙasa ce. Sai kuma a auna zurfin ruwan rijiya a ƙarshen rani.

Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, za ta iya ware wasu gonaki da rijiyoyi a kewayen Yalwawa, tana komawa kansu kowane watan Afrilu tare da masu su, domin awon shekara ɗaya ba ya bambanta fari mai wucewa da lalacewar da ta zauna.