Ɗaukaka Ƙara Kan Haƙƙin Naƙasa Na Tsofaffin Sojoji: Bayani Ga Jama'ar Shagari Da Bodinga

Kamar yadda aka sani, ƙananan hukumomin Shagari da Bodinga suna da 'yan mazan jiya da suka bauta wa ƙasar nan a fagage daban-daban, tun daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aikin rundunar ECOMOG da aka fara a Laberiya a 1990 aka ci gaba da shi a Saliyo, har zuwa yaƙi da Boko Haram a Arewa maso Gabas da kuma fafatawa da 'yan bindiga a nan yankinmu. Daga cikinsu akwai waɗanda suka dawo gida da rauni, wasu sun rasa gaɓa, wasu ji ko gani, wasu kuma ciwon nasu a ƙwaƙwalwa yake. Mun shirya wannan bayani ne domin wanda ya nemi haƙƙin naƙasa aka hana shi, ko aka ba shi abin da yake ganin bai kai ba, da kuma jami'an da irin waɗannan mutane suke fara kai wa kuka.

Fanshon soja na Gwamnatin Tarayya ne, ba na jiha ba. Sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta biyan sa, haka nan ofishin fansho na jiha da ke Sakkwato ba shi da ikon ƙara wa kowa ko rage masa. Hukumar Fansho ta Sojoji, mai hedikwata a Dutse-Alhaji da ke Abuja, ita ce ke biyan tsofaffin sojojin ƙasa da na ruwa da na sama. Tushen aikin shi ne Dokar Fanshon Rundunonin Soja ta 1979, wato shekarar da ɗan wannan gari, marigayi Alhaji Shehu Shagari, ya karɓi mulkin ƙasa. A 2004 an shigar da sojoji cikin tsarin fansho na karo-karo, amma a 2011 aka gyara dokar aka fitar da su, saboda haka tsohon soja na yau ba ya ƙarƙashin kamfanonin fansho. Har ila yau sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare fansho a matsayin haƙƙi, ya kuma ce a riƙa sake duba shi duk bayan shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi.

Haƙƙin naƙasa ya sha bamban da fanshon shekarun aiki. A nan kwamitin likitocin soja ne ke duba mutum ya amsa tambayoyi biyu: shin aikin soja ne ya jawo ciwon ko ya tsananta shi, sannan kashi nawa cikin ɗari na lafiyarsa ya rasa. A kan waɗannan amsoshi ake gina lissafin kuɗi, kuma a kansu ne akasarin saɓani yake tasowa.

Mu ɗauki misalin sojan da harsashi ya karya wa ƙafa a fagen daga, aka yi masa aiki a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna. Shari'arsa mai sauƙi ce, domin akwai rahoton rundunarsa da fayil ɗin asibiti. Amma wanda ƙarar manyan bindigogi ta riƙa cinye masa ji sannu a hankali, ko wanda ya dawo ba ya iya barci, yana firgita da dare, sau da yawa ba shi da takardar da ta nuna ranar da abin ya fara. A ganinmu nan ne aka fi yin asara, musamman a karkara inda ake fara kai mai irin wannan ciwo wurin masu maganin gargajiya, a yi shekaru ba a ga likita ba. Ba muna hana kowa neman magani inda ya amince ba ne, sai dai kwamitin likitoci takarda yake karantawa. Katin asibiti na shekara goma da ta wuce ya fi shaidar maƙwabta goma ƙarfi a gabansa.

Saboda haka mai niyyar ɗaukaka ƙara ya fara da tattara takardar sallamarsa, da lambarsa ta soja, da rahoton kwamitin likitocin da ya duba shi, da duk katin asibiti da hoton ƙashi, da bayanan asusunsa na banki da ke nuna abin da ake biyan sa. Ya riƙe na asali a gida, ya miƙa kwafi, kuma kada ya bar ofis sai an buga masa hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata. Idan sunansa a takardar sallama ya saɓa da na BVN ko na katin ɗan ƙasa, misali Muhammadu a nan, Mamman a can, to ya gyara wannan tukuna da takardar rantsuwa ta kotu, domin irin wannan ƙaramin saɓani yakan tsayar da fayil.

Koken da kansa a rubuce ake yin sa, kuma ya kamata ya fayyace abu guda da ake ƙalubalanta. Idan batun ƙin biya ne ko kuskuren lissafi, Hukumar Fansho ta Sojoji ake rubuta wa. Idan kuwa hukuncin likitoci ne, ko ciwon ya ƙaru bayan sallama, sai a rubuta wa hedikwatar rundunar da mutum ya yi wa aiki a roƙi a sake duba shi, a haɗa da sabon rahoton likita. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, tana da reshe a Jihar Sakkwato, kuma shugabanninta sun san hanyar da takardu ke bi. Barikin Giginya ma ba shi da nisa ga mai neman a nuna masa ofishin da ya dace.

Kotu ita ce mataki na ƙarshe. Tun bayan gyaran Tsarin Mulki na 2010, shari'un fansho da garatuti suna hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato. Sai dai Dokar Rundunonin Soja ta tanadi a fara ƙare hanyoyin koke na cikin gida, kuma lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba da wa'adin wata uku na shigar da ƙara. Don haka da zarar an sami amsar da ba ta gamsar ba, a ga lauya ba tare da jiran kaka ko bayan salla ba. Wanda ba shi da halin biya ya tuntuɓi ofishin hukumar ba da taimakon shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976.

Ga iyayen ƙasa da hakimai da jami'an jin daɗin jama'a, daga Kajiji da Dandin Mahe har zuwa Sifawa da Danchadi, abin da ke hannunku shi ne ba da takardar shaida ta gaskiya, da taimaka wa wanda ba ya iya rubutu, da sanar da tsofaffin da ke kwance duk lokacin da hukumar ta kira tantancewa, domin wanda bai yi ba ana iya dakatar da kuɗinsa. Muna kuma jan hankali game da 'yan damfara masu bugo waya da sunan hukumar suna neman kuɗin fito da fayil ko lambar sirri ta katin banki. Duk wanda aka kira da irin wannan buƙata ya kashe wayar, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa.